Ɗakin da Fankoki Suka Cinye

Duk wanda ya zauna a layin nan ya san Mai Fanka, wanda bai san shi ba kuwa baƙo ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran kayan wuta. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma fanka in ta yi kuka daga ƙarshen layi zai gaya maka boris ne ya cinye ko kwail ne ya ƙone, kuma in ka buɗe haka za ka tarar. Masu takardar shaida sun sha kawo masa abin da ya gagare su, a ƙunshe cikin buhu don kada a gan su. Gobara ta lashe shagonsa sau biyu. Ruwa ya taɓa shigar masa gida har ƙirji. Akwai ranar da wuta ta ja shi ta maka da bango, har an lulluɓe shi mata sun fara kuka, ya yi atishawa ya tashi zaune yana tambayar wa ya ɗauke masa filaya. Irin waɗannan maza an daina yayinsu.

To, abin da gobara da ruwa suka kasa yi masa, kan fanka guda ɗaya ya yi.

Tun bayan gobara ta biyu bai sake kama shago ba, ya dawo da aikin gida. Ciki da falo ne, a gidan haya. Falon ya fara cika: fankokin da masu su suka kawo ba su dawo ba, rediyoyi marasa murfi, duwatsun guga, butocin lantarki, wayoyi a nannaɗe kamar macizai, gwangwanayen madara cike da noti da kusoshi. Da falo ya ƙoshi sai kaya suka lallaɓa ciki. Suka hau kan durowa, suka toshe taga, suka ci rabin gado, daga baya suka cinye shi duka. Matarsa, wadda 'ya'yanta da duk mutanen layin ke kira Inna, ta koma shimfiɗa 'yar katifa a tsakanin durowa da ƙofa. Ta yi magana har ta gaji, amsar dai ɗaya ce: mataccen abu shi ke raya mai rai, wata rana za a nema.

Wata safiya ta ja ƙofar durowa za ta ɗauki mayafi, kan wata fankar sama ya sulmiyo daga bisa ya sauka a ƙafarta. Ƙashi ya karye. Babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta zo ta ɗauke ta zuwa gidanta. Wata huɗu ke nan. Ƙafa ta ɗinke, Inna tana takawa da sanda, amma ba ta dawo ba.

Mai Fanka bai nuna wa kowa ya damu ba. In an tambaye shi sai ya ce ai hutu ya ba ta, mace shekara arba'in da ɗaya a ɗaki ɗaya ta cancanci hutu. Amma shayi da burodi yake ci safe da rana, kuma sau da yawa in ya gano ciwon wata fanka sai ya ɗaga murya ya faɗa wa ƙofar ciki, ya jira a ce masa to sai aka yi yaya, ba a ce ba.

Ran nan sai ga 'yar ta zo da manyan buhuna uku a hannu. Ta rasa wurin zama, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi. Sannan ta ce an yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu a mota, ƙarshen wata za ta tashi.

"Inna ta ce abu uku take so ta gani, Baba. Gadonta a fili, taga a buɗe, da hanyar da za ta bi da sanda daga ƙofa zuwa gado ba sai ta tsallake komai ba. In ta gani, ta dawo. In ba ta gani ba, tare za mu tafi."

Ta shimfiɗa buhunan a ƙasa ta yi masa bayani irin na 'yan boko. Wannan na abin da za a ajiye, wannan na kyauta, wannan na bola. Duk abin da ya shekara ba a taɓa shi ba, ba a bukatarsa. Wai wanda ya share ɗakinsa zuciyarsa ya share, har barci sai ya fi masa daɗi. Mai Fanka ya ce zuciyarsa ta fi asibitinsu tsabta, barci kuma ko a kan buhun kusoshi yana yin sa. Wata guda kuwa ai raini ne. Mutumin da ya ta da shago daga toka a kwana tara, a ba shi wata guda don share ɗaki? Mako ɗaya ya isa, ta je ta gaya wa uwarta ta fara haɗa akwati.

Kuma da gaske yake, kada wani ya ce wasa ya ɗauki abin. Washegari ya yi aski, ya wanke rigar aiki, ya daina zaman hira a bencin Tela, maƙwabcinsa da suka shekara talatin suna zolayar juna. Rana na fitowa ya tsaya a tsakiyar falo ya naɗe hannun riga.

Abu na farko da hannunsa ya kai kai wata fankar tebur ce mai karyayyen wuya, ƙura ta yi mata riga. Ya ɗaga ta zai jefa a buhun bola, sai yatsansa ya taɓa fiffiken, ya juya shi kaɗan. Nan take ya ji ba ta mutu ba, bushewa kawai ta yi, ɗigon mai biyu take nema. Wa ke binne mai numfashi? Ya ce minti biyar. Ya zauna, ya buɗe, ya wanke, ya ɗiga mai, ya nemo wuya a jikin wata 'yar'uwarta ya ɗaura mata. Kafin rana ta take tana juyawa lafiya lau, ko ƙara babu. Ya tsaya yana kallonta yana murmushi, sannan ya dubi buhun bola. Fanka mai aiki ba ta shiga bola, wannan ko mahaukaci ya sani. Ya ajiye ta a gefen kyauta.

Haka aka yi da rediyon da ya biyo baya, haka aka yi da butar lantarki. Da yamma ta yi, abu huɗu ya taɓa, duka huɗun sun tashi. Buhun bola kuwa abin da ke cikinsa gwangwani ɗaya ne da wani tsumma da kyankyasai suka cinye.

Tela ya leƙo a rana ta biyar, da tef rataye a wuya, ya ƙare wa falon kallo. Ya ce in dai da wannan tafiyar ce, jikokin jikoki ne za su tono gadon, su kira masu binciken tarihi. Mai Fanka ya ce wanda ya shekara talatin yana ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ba shi da bakin magana a kan aiki. Suka yi dariya, amma da Tela zai fita ya rage murya ya ce ya kira mai sayen ƙarafa kawai, a kwashe a wuce wurin, kwanaki ba sa jira.

Ya kira shi. Mutumin ya zo da kura da sikeli da wata ƙatuwar guduma. Mai Fanka ya danne zuciya ya fito masa da kan fanka shida, ya juya baya. Bai san cewa a nan bakin ƙofa ake yin aikin ba. Mutumin ya zauna ya ware ƙafa, ya ɗora na farko a kan dutse ya sauke masa guduma, ya zare jan ƙarfen da ke ciki kamar mai fitar da hanji. Na biyu ma haka. Da ya fasa na uku, Mai Fanka ya waiwayo ya ga naɗin wayar, ya gane hannunsa ne. Shi ya naɗa wannan kwail ɗin, zagaye bayan zagaye, shekarar da ruwa ya shiga gida, a lokacin da ba su da abin sawa a baki sai abin da wannan aikin ya kawo. Bai san sanda ya fizge gudumar ba. Ya kira mutumin mahauci, ya kira shi wanda bai san darajar gumi ba, ya kore shi har bakin titi. Fasassun guda ukun ya kwaso ya dawo da su ciki, ya kwana uku yana sake naɗa su.

Saura kwana ashirin. Ya ce to, tunda bola ta gagara, kyauta ba za ta gagara ba. Ya jera abin da ya gyara a ƙofar gida, ya aika a faɗa wa layi duk mai so ya zo ya ɗauka. Mutane suka zo kuwa. Sai dai ba ya iya miƙa wa mutum fanka bai tambaye shi ina tasa ba. Matar mai wanki ta ce tata tana gurnani ne ba ta juyawa. Ya ce kafasita ce, ta kawo ya gani. Wani ya ce rediyonsa sai an mare shi yake magana. Ya ce dalma ce ta saki, ya kawo. Waɗanda bai tambaya ba ma kunya ta hana su zuwa hannu rabbana, kowa ya riƙo matacciyar tasa, wai ko Baba zai samu wani abu a ciki. Labari ya tsallaka wasu layukan cewa akwai wani tsoho da ke musayar mai rai da matacce. A mako guda abu goma sha ɗaya suka fita, goma sha bakwai suka shigo.

'Yar ta dawo tsakiyar wata ta tarar falon ya fi da cika. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya bari ta kawo mota da ma'aikata, shi ya je ya wuni a shagon Tela, kafin yamma an gama, ba sai ya gani ba. Ya bi kayan da kallo har ta fara sa rai. Sannan ya ce tunda yake bai taɓa barin wani ya ƙarasa masa aiki ba, kuma ba zai fara a kan ɗakin matarsa ba. Abin da bai faɗa mata ba shi ne ya riga ya ji ƙarar gudumar a kunnensa. Ta kwashe buhunanta biyu ta bar masa na bola, ko Allah zai sa.

Daga nan ne dabara ta zo masa, irin wadda sai mai ƙwaƙwalwa. Inna ba ta ce a zubar ba. Gado ta ce, da taga, da hanya. Ƙasa ce ta cika, sama kuwa fili ne fetal har rufi. Ya samo katakai, ya kafa kantoci a bango huɗu, hawa biyar-biyar. Ya jera rediyoyi daga babba zuwa ƙarami. Ya buga ƙugiyoyi a rufi ya rataye fankokin tsaye ta wuya. Noti ya ware su gida-gida, kowane da gwangwaninsa, wayoyi ya naɗe su ya rataye bisa ga kauri. Yana hawa tsani yana sauka, tsoho mai shekara saba'in, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, bai ce wash ba. Ana saura kwana shida taga ta buɗe, haske ya faɗo cikin ɗakin da ya shekara takwas bai ga rana ba. Ana saura huɗu gado ya fito. Katifar ta lotse, duk tsatsa da tabon baƙin mai. Ya fitar da ita rana ya bubbuge, ya juya ta, ya sayo sabon zanen gado mai furanni.

Sauran kawunan fankar sama, masu nauyin nan, su ne suka rasa wuri. Kanta ɗaya ce ta rage, wadda ke daidai saman matashin kai. Ya jera guda shida a kai, ya ɗaure kowanne da waya ninki uku, ya ja da ƙarfinsa ya ga ko motsi. Ko girgizar ƙasa aka yi ba za su faɗo ba.

Hanya kuma ta samu, daga ƙofa zuwa gado, faɗinta kamar taki ɗaya. Ya ari sandar da Tela ke auna yadi, ya koma bakin ƙofa, ya riƙa ɗingisa ƙafar hagu yadda aka ce Inna na yi, ya bi hanyar har gado, ya dawo, ya sake. Sau ɗaya sandar ta taɓa wata buta, ya matsar da ita. Tela yana tsaye yana kallo. Mai Fanka ya jira zolaya, ya ma tanadi amsa, amma Tela ya dubi kantar da ke saman matashi, ya karɓi sandarsa ya ce Allah ya sa a dace, ya fita.

Ranar ƙarshen wata da hantsi motar haya ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaure katifu da akwatuna a bisa. 'Yar ta fito ta buɗe wa uwar ƙofa. Inna ta rame kaɗan, amma fuskarta ta yi haske irin na wanda ke samun barci. Mai Fanka ya tare ta da sabuwar riga, ya ce wa ya ga amarya, ta ce tsohon banza, har yanzu bakin bai mutu ba. Ya ji daɗin zagin nan fiye da abinci.

Ya ce ta tsaya a bakin ƙofa tukuna. Ya haɗa duk fankokin a makunni ɗaya, aikin kwana biyu, don wannan lokacin. Ya danna. Fanka ashirin da uku suka tashi tare, na sama da na tsaye da na tebur, iska ta cika ɗakin har mayafinta yana tashi, kuma ba wadda ta yi ƙara ko ɗaya. Duk garin ba mai iya wannan. 'Yar ta sunkuyar da kai.

Inna ta dogara sanda ta bi hanyar. Ba ta tsallake komai ba. Ta dubi taga, ta shafa zanen gadon, ta zauna a bakinsa. Sannan ta ɗaga kai ta ga kawunan nan shida a saman matashi, ta daɗe tana kallonsu. Ya yi sauri ya ce ninki uku ya ɗaure, ta ja ta gani. Ba ta ja ba. Ta ce ya kashe iskar, tana so ta yi magana.

Ta ce ya yi aiki, ba ta taɓa ganin ɗakin da kyau haka ba, kuma ta san bayansa ya gaya masa. Sannan ta tambaye shi guda nawa ya zubar. Ya fara lissafa mata waɗanda ya bayar, da matar mai wanki, da mai rediyon mari. Ta bari ya gama, ta sake tambaya, guda nawa ya zubar. Ya dubi buhun da ke bayan ƙofa, da gwangwaninsa da tsummansa.

Ta miƙa sanda ƙarƙashin bencin aiki ta jawo wani dutsen guga, baƙi, wayarsa duk ta zazzago. Cikin waɗanda aka kawo musaya ne, bai kai kansa ba tukuna.

"Malam, ni ba gado ne ya dame ni ba. Wata shida ya isa ka sake binne shi, mu biyu mun sani. Ɗauki wannan ka kai bola, ina tsaye a ƙofa ina kallonka. Kada ka buɗe shi. In ka dawo hannu wofi, a sauke akwatina."

Ya yi dariya ya ce wannan ne kawai? Ya ɗauka ya fita, ita kuma ta tako ta tsaya a ƙofar gida, 'yar a bayanta, Tela a bakin shagonsa.

Bolar tana ƙarshen layi, taku ɗari da 'yan kai. Ya riƙe dutsen ta hannunsa yana kaɗa shi don ta ga bai ɗauke shi a bakin komai ba. A kaɗawa ta uku ya ji wani abu ya yi ƙaras a ciki. Bai so ya ji ba, kunnen ne ba ya neman izini. Ɗan ƙaramin sukurun da ke riƙe waya ne ya kwance ya faɗa ciki, shi ke nan ciwon. Kuma dutsen irin na da ne, mai nauyin gindi, wanda in ya ɗau zafi sai ya goge riga goma bayan an ɗauke wuta. An daina yin irinsa. Ya daina kaɗawa, ya matse shi a ƙirji don ya yi shiru, ya ƙara sauri.

Ya isa. Ƙudaje suka tashi. Ya miƙa hannu a kan tulin sharar, ya ce wa yatsunsa su saki. Shekara arba'in da ɗaya a gefe ɗaya, tsohon ƙarfe a gefe ɗaya, wannan ai ba lissafin da ke bukatar makaranta ba ne. Sai dai in ya jefa, har ya mutu ba zai san ko sukurun ne ba ko kuwa kunnensa ya fara yi masa ƙarya. Dubawa kawai. Ya juya wa gidan baya yadda jikinsa zai kare, farcen babban yatsansa, mai kaurin da ya sha kwance abin da sukurudireba ya kasa, ya riga ya sami kan sukurun murfi. Na ɗaya ya fita, ya sa a baki kamar kullum. Na biyu, na uku. Ya ɗaga murfin.

Sukurun ne. Yana kwance a lungu, daidai inda ya ce. Kunnen bai yi ƙarya ba. Ya zaro shi, ya kama bakin wayar ya mai da ita gurbinta, ya fara ɗaurewa, don ba a barin waya a sake.

Ƙarar rufe ƙofar mota ce ta sa ya waiwaya. Ba kowa a ƙofar gidan. Tela ya shige shago. Motar ta tashi a hankali, katifun da ke bisa suna rangaji, ta nufi ɗaya ƙarshen layin. Ba gudu take ba, da ya ƙwala kira da direban ya ji. Ya buɗe baki ya ji sukurori uku a kan harshensa. Ya tara tafin hannu ya tofa su a hankali don kada ɗaya ya faɗa cikin shara, ya duba ya ga sun cika uku, ya dunƙule hannun, sannan ya kira Inna.

Motar ta riga ta sha kwana. Ya tsaya a wurin har ƙudajen suka koma suka zauna. Daga baya ya tsuguna a gefen bolar, ya ɗora dutsen a gwiwa, ya mai da murfin.